Saiwar Bishiya Ba Ta Zurfi Yadda Ake Zato

An daɗe ana cewa yadda bishiya ta yi tsawo, haka saiwarta ta nutsa cikin ƙasa. Ba haka ba ne. Yawancin saiwoyin ba sa wuce zurfin santimita 60, inda iska da danshi suke, sai dai su bazu gefe-gefe har su zarce inuwar rassa.

Shi ya sa masu tsara lambuna da filayen shaƙatawa ke fama da magina. A haƙa ramin bututu kusa da gindinta, ko manyan motoci su daddanne ƙasar, ai an cuce ta. Abin haushin, ba nan take za ta nuna ba. Sai bayan shekaru ta fara bushewa, a ɗora wa fari laifi.