Hanyar inuwa a lambun shaƙatawa

Hanyar inuwa ita ce turbar ƙafa da ke ratsa lambun shaƙatawa na birni, wadda manyan itatuwa suka yi wa rumfa dama da hagu. A gari irin Maraɗi, inda zafin Afrilu da Mayu kan wuce digiri 40, darajar irin wannan hanya tana ga inuwarta. Nan tsofaffi ke miƙe ƙafa bayan la'asar, ɗalibai na kai da kawowa da littafi a hannu suna hadda, mai shayi kuma ya kafa teburinsa a gindin itace.

Itacen da ya fi yawa a nan shi ne dogon yaro, wanda asalinsa Indiya ne, aka shigo da shi zamanin Turawa. Ba ya tsiraita da rani, kuma furensa na cika iska da ƙamshi a bazara. Akwai maɗaci da tsamiya, sai gawo mai kaɗe ganye da damina ya tofo da rani.

Abin takaici, sau da yawa gyaran lambu ne ke kashe hanyar. Akan sare tsohon itace don a miƙar da turba ko a kafa fitila. Wanda ya tsira akan yanke masa saiwa wajen ginar lambatu, a malala masa siminti har wuya. Ruwan sama ba ya samun wurin nutsewa, sai ya gangare. Itacen ba ya mutuwa nan take: rassan sama ke fara bushewa, bayan ƴan shekaru a ce tsufa ne. Shi kuma daɓen siminti yana shan rana wuni guda, ya riƙa amayo zafi har bayan magariba, alhali rairayin da ke ƙarƙashin inuwa mai sanyi ne, yaro kan taka shi ba takalmi. Ciyawar ado tana son ban ruwa kullum, da famfo ya ɗauke sai ta ƙone.

Akan ce za a dasa wasu. Nijar na bikin dashen itace kowace ranar 3 ga Agusta tun 1975, amma dashe na buƙatar shekaru kafin ya yi inuwar zama, in ya tsira daga bakin awaki.

Jihar Maraɗi ta san wata dabara. A nan ne Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya, ya fara aiki da manoma a 1983 kan sassaben zamani, wato barin kututture ya tofo a yi masa aski maimakon a tumɓuke shi. Dabarar ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a ƙasar. Mai tsara lambu na iya bin wannan sawu: ya karkata turba ta kewaye itace, ya bar masa fili a gindi, ya rage rassa kaɗan kaɗan.