Kare mai shi, kare mai takarda

Idan aka kawo yaro asibiti kare ya cije shi, abin da ake fara tambayar iyaye shi ne: karen wa ne, an yi masa allura? Sau da yawa amsar ita ce, "Ai karen gari ne." Nan hankalinmu ke tashi, domin ciwon haukan kare idan ya bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai a tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe kusan mutum 59,000 duk shekara, kuma yara ne ya fi cutarwa.

Gaskiya kuwa, yawancin karnukan da ke yawo a juji da bakin mahauta nan Katsina suna da masu su. Na mafarauta ne, na masu gadi, na matasan unguwa. Sai ɓarna ta faru kowa ya ce ba nasa ba.

Tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi lura da yadda ake ajiye irin waɗannan dabbobi, amma hukuma ba ta iya lura da karen da aka ɓoye mata. Don haka mai kare, sanar da mai unguwa kana da shi. Da ya kai wata uku ka kai shi asibitin dabbobi a yi masa rigakafi, a maimaita kowace shekara. Ka karɓi takardar shaida ka adana ta kamar katin rigakafin ɗanka. Sa masa abin wuya, ka ɗaure shi da rana lokacin da yara da almajirai ke zirga-zirga. Idan kashi 70 cikin 100 na karnukan gari suka samu allura, cutar na daina yaɗuwa a tsakaninsu.

Iyaye mata, don Allah a bar ƙona gashin kare ana shafawa a ciwo. Ba ya maganin komai, lokaci kawai yake ci. A wanke wurin da sabulu ana kwarara ruwa har minti 15, a tafi asibiti a ranar, ko da ƙarzanar haƙori ce.

Karen kuma kada a bi shi da jifa. In an iya kama shi ba tare da haɗari ba, a kulle shi a kira malamin dabbobi ya sa masa ido kwana goma. In har an riga an kashe shi, kada a taɓa gawar da hannu, kada a yar da ita. Da kan karen ake yin gwajin ko yana da cutar.