Komawa Asibiti Bayan Tiyatar Rage Ƙiba

Tiyatar rage ƙiba aiki ne da ake yi wa tumbi domin rage yawan abincin da mutum zai iya ci. Iri biyu suka fi yaɗuwa: wanda ake yanke kusan kashi 80 cikin ɗari na tumbi a bar shi siriri, da wanda ake ware ɗan ƙaramin sashe na tumbi a haɗa shi kai tsaye da ƙaramin hanji. Masana kan auna ingancin aikin da yawan marasa lafiyar da suka je sashen gaggawa ko aka sake kwantar da su cikin kwana 30 bayan tiyata, kuma nau'i na biyu ya fi na farko yawan mayar da mutane asibiti.

Abin da ya fi kai marasa lafiya sashen gaggawa shi ne tashin zuciya da amai da ciwon ciki da ƙarancin ruwa a jiki. Tumbin da aka ƙanƙance ba ya ɗaukar ruwa da yawa a lokaci ɗaya, sai dai a riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan tun safe har dare, kuma wanda amai ya hana shi yin haka yakan galabaita cikin ƴan kwanaki. Da yawa daga cikin irin waɗannan ana yi musu ƙarin ruwa a sallame su, shi ya sa wasu asibitoci ke bibiyar marasa lafiya ta waya da ba su ƙarin ruwa ba tare da an kwantar da su ba.

Matsalolin da ba su cika faruwa ba su ne suka fi haɗari, wato yoyo daga wurin ɗinki, da zubar jini, da gudan jini da ke toshe jijiyar huhu. Yoyon yakan fara ne da bugun zuciya da ya haura 120 a minti ɗaya, wani lokaci tun kafin zazzaɓi ko ciwo su bayyana, don haka bai kamata a ɗauke shi a matsayin fargaba kawai ba. Aman da ya ɗauki makonni yana iya ƙarar da bitamin B1 har ya taɓa ƙwaƙwalwa.

Bayan watanni ko shekaru kuma, akan koma saboda duwatsun matsarmama da saurin ramewa ke haifarwa, da murɗewar hanji, da gyambo a wurin haɗin tumbi da hanji, wanda shan taba da magungunan ciwo irin su ibuprofen ke ƙara haddasawa.