Finafinan Jirgin Ƙarƙashin Teku

Finafinan jirgin ƙarƙashin teku reshe ne na finafinan yaƙi masu tsinka zuciya, waɗanda yawancin labarinsu ke gudana a cikin jirgin yaƙi mai nutso. Akasari ana gina su a kan Yaƙin Duniya na Biyu ko yaƙin cacar baka tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyat.

Ƙarfinsu yana cikin ƙunci. Ba taga, ba hanyar gudu, maƙiyi kuma ba a ganinsa, sai dai a ji motsinsa. Shi ya sa kunnen mai kallo ya fi idonsa aiki: ƙarar na'urar lalubo jirage da sauti, kukan ƙarfe idan ruwa ya matse jirgin, da shirun da ma'aikata ke yi suna jiran bam ya faɗo daga sama. Finafinan The Hunt for Red October na 1990 da U-571 na 2000 duka sun ci kyautar Oscar ne a fannin sauti. Amma wanda ya fi kowa fahimtar wannan sirri shi ne Das Boot na Jamus, wanda Wolfgang Petersen ya shirya a 1981. Kyamararsa tana bin ma'aikatan jirgin U-96 a guje ta matsattsun ƙofofi, fuskoki duk gumi da ƙasumba, har mai kallo ya ji numfashinsa na ƙarewa. Bai ɓoye gajiya da zaman jira ba, kuma a nan gaskiyarsa take.

Rauninsu daga ƙuncin nan ya fito. Abin da zai iya faruwa a ciki kaɗan ne, don haka ake ta maimaita abu ɗaya: jirgi ya nutse fiye da kima, ruwa ya ɓalle, kyaftin da mataimakinsa su sa zare, kamar a Crimson Tide na 1995. Mata kuwa da wuya a gan su, tunda sai a 2010 sojan ruwan Amurka ya ba su damar aiki a irin wannan jirgi.

Mafi muni shi ne murɗe tarihi. Fim ɗin U-571 ya nuna Amurkawa ne suka ƙwato na'urar saƙon sirri ta Enigma daga Jamusawa, alhali sojan ruwan Birtaniya ne suka ɗauko ta daga jirgin U-110 a watan Mayun 1941, kafin Amurka ta shiga yaƙin. Batun ya kai har majalisar dokokin Birtaniya, inda firaministan lokacin, Tony Blair, ya amince cewa fim ɗin cin fuska ne ga sojojin ruwan ƙasarsa.