Waiwaye: Daga gahawar Meziko zuwa albasar Sakkwato

Tambarin Fairtrade, wato ciniki na adalci, da ake gani a jikin kwalin cakulan da gahawa a kantunan Turai ya samo asali ne daga kukan manoma. A shekarar 1988 wata ƙungiyar agaji a Holan ta fito da tambarin Max Havelaar, ta fara liƙa shi a gahawar da ƙananan manoman Meziko suka noma. Shekara ɗaya bayan haka yarjejeniyar da ke tsare farashin gahawa a duniya ta ruguje, farashi ya faɗi warwas, sai tsarin ya ƙara samun karɓuwa. A 1997 ƙungiyoyin ƙasashe daban-daban masu irin wannan tambari suka haɗe wuri guda, da hedikwata a birnin Bon na Jamus.

Tsarin ba shi da wuyar ganewa. Ana yanka farashin da mai saye ba zai sauka ƙasa da shi ba ko da kasuwa ta karye, sannan a ɗora wani ƙarin kuɗi da ƙungiyar manoma za ta zauna ta yanke abin da za a yi da shi, ko rijiya, ko aji, ko ɗakin ajiya. A Ghana, manoman koko sun kafa Kuapa Kokoo a 1993, har suka mallaki hannun jari a kamfanin cakulan na Divine a Ingila.

Mu a nan mun taɓa ganin farashin da aka yanka tun kafin kaka. Hukumomin sayen amfanin gona da Turawa suka kafa a ƙarshen shekarun 1940 su ne ke tsayar da kuɗin gyaɗa da auduga, sai dai sau da yawa ƙasa da na kasuwar duniya, rarar kuwa ta tafi baitulmali. Gwamnatin Babangida ta rushe su a 1986, manomi ya koma hannun dillali.

Abin da ya fi damuna shi ne albasa. Manomin Wurno ko Goronyo ko Kware yakan ci bashin taki da man injin ban-ruwa, kowa ya cire albasarsa lokaci guda, kasuwa ta cika ta batse. Ba shi da ma'ajiyar da za ta hana ta ruɓewa, ga mai bin bashi a ƙofar gida, dole ya sayar yadda aka taya. Bayan 'yan watanni buhun nan ya ninka kuɗi a Legas ko a ƙetaren Illela, shi kuwa ko sisi bai ƙaru da shi ba. Tambarin Turai bai san da wannan manomi ba, domin an gina shi ne a kan kayan da ke hawa jirgi zuwa ƙasashen masu kuɗi, kuma sai da ƙungiya mai rajista da kuɗin masu bincike ake samunsa. Riɗi da zoɓo da ƙaro, waɗanda ake fitarwa waje, su ne suka fi kusa da wannan ƙofa.

Maganar adalci a ciniki kuma ba baƙuwa ba ce a garin Shehu. Malamanmu sun daɗe suna karantar da cewa Annabi (SAW) ya hana a tare fatake a hanya a saye kayansu kafin su iso kasuwa su ji farashi, kuma Alƙur'ani ya yi kashedi mai tsanani ga masu tauye mudu. Yau dillali har gona yake bin manomi da buhunansa, ya yi ciniki tun albasa ba ta gama shan iska ba.