Me Ake Nufi da Satar Fasaha?

Satar fasaha ita ce mutum ya ɗauki rubutun wani, ko tunaninsa, ko sakamakon bincikensa, ya miƙa wa jama'a kamar daga kansa abin ya fito. Ba sai an kwashe littafi sukutum ba. Sakin layi ɗaya ya isa, kai har jimla ɗaya, matuƙar tana ɗauke da tunanin da mai ita ya sha wuya kafin ya kai gare shi.

Mai goge sunan marubuci ya liƙa nasa, wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Wanda ya fi wuyar kamawa shi ne mai sauya kalmomi. A ce wata marubuciya ta rubuta: "Yaron da aka hana tambaya a gida ba zai ɗaga hannu a aji ba." Sai wani ya zo ya ce: "Ɗan da iyaye suka toshe wa bakin tambaya, da wuya ya yi magana gaban malami." Yana ganin ya tsira tunda jimlolin ba su zo ɗaya ba. Amma wa ya hango alaƙar gida da aji? Ita ce. Riga kawai ya sauya wa tunaninta. Gyaran kuwa bai wuce 'yan kalmomi ba: "kamar yadda wance ta lura".

Akwai kuma masu kwafo rubutu gaba ɗaya su sa "an kwafo" ko "daga wani bawan Allah" a ƙasa, su ji sun sauke nauyi. A ganina ba su sauke komai ba. Sun dai amsa cewa ba nasu ba ne, amma mai abin yana nan a ɓoye, mai karatu kuma ba shi da hanyar komawa tushe ya tabbatar. Malaman hadisi sun daɗe da gane wannan: an ruwaito Abdullahi ɗan Mubarak yana cewa isnadi, wato jerin waɗanda suka ruwaito hadisi, na daga cikin addini, ba don shi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Ambaton tushe hakkin marubuci ne, hakkin mai karatu ne kuma.

In za ka kawo maganar wani kalma da kalma, sa ta tsakanin alamar buɗe zance da ta rufewa, ka faɗi sunansa da inda ya faɗa. In ka yanke wani abu a tsakiya, ɗige uku su nuna wurin. Sai dai a kula da irin yankan da ke juya ma'ana. Wanda ya rubuta "wannan shiri zai yi kyau in an gyara kasafinsa", ka tsaya a kan "zai yi kyau", ka yi masa ƙarya ko da kowace kalma tasa ce. Haka in a wajen wani ka tsinci maganar, ba a ainihin littafin ba, ka ce wane ne ya kawo ta, kada ka nuna kamar ka karanta abin da ba ka taɓa buɗewa ba.

Mutane da yawa na cakuɗa satar fasaha da keta hakkin mallaka, alhali kowanne da hanyarsa. Hakkin mallaka batun doka ne. Yarjejeniyar Bern ta 1886, wadda akasarin ƙasashen duniya suka shiga, ta kare rubutu tsawon rayuwar marubuci da aƙalla shekara 50 bayan mutuwarsa. Tarayyar Turai da Amurka sun kai shi 70. Sashe na 10 na yarjejeniyar ya halatta tsakuro maganar wani daidai buƙata, da sharaɗin a ambaci tushe da sunan mai ita. To, tsohon littafin da wa'adinsa ya ƙare kowa na iya buga shi ba tare da izini ba, amma ka sa sunanka a kai ka yi satar fasaha. Sabon littafi kuwa, ka kwafe shi duka ka rarraba da sunan mai shi ɓaro-ɓaro, ba ka saci fasaha ba, amma ka keta hakkinsa. Ambaton suna ba izini ba ne. Hatta rubuce-rubucen da aka saki kyauta ƙarƙashin lasisin Creative Commons, irin na Wikipedia, yawancinsu da sharaɗin ambaton tushe suke zuwa.

Laifin satar fasaha kan kwana shekaru kafin ya tashi. A 2011 ministan tsaron Jamus, Karl-Theodor zu Guttenberg, ya yi murabus bayan an gano ya kwashi rubutun wasu a kundin digirinsa na dakta, Jami'ar Bayreuth kuma ta ƙwace digirin. A 2012 shugaban ƙasar Hungary, Pál Schmitt, ya sauka kan irin wannan laifi, a kundin da ya rubuta tun 1992.

Ba kome ne ke neman a jingina shi ga wani ba. Karin magana na kowa ne, haka sanannen ilimi, kamar cewa duniya na zagaya rana. Amma alƙaluma, da sakamakon bincike, da fassarar da wani ya zauna ya yi, duk suna da masu su. Mai fassara rubutun wani ma dole ya faɗi na wane ne, kuma in zai wallafa shi duka, sai ya nemi izini tukuna.