Damina, ambaliya da dashen bishiya: amsoshin da na gaji da maimaitawa

A ina ake samun sahihin labarin damina?

NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya. Kowace shekara, tun kafin bazara, take fitar da hasashenta jiha-jiha, kuma Aminiya da BBC Hausa da gidajen rediyo suna kawo shi. Muryar da aka turo maka a WhatsApp ba majiya ba ce.

An ce Kamaru ta sako ruwan madatsar Lagdo, mu tashi?

Kana ina tukuna? Ruwan Lagdo kogin Binuwai yake bi, ta Adamawa da Taraba da Binuwai zuwa Lakwaja. In a Katsina kake, kwanta ka yi barcinka. Ambaliyar Maiduguri ta Satumbar 2024 ma daga madatsar Alau ta zo. Gargaɗin ambaliya na NIHSA (hukumar da ke sa ido kan ruwan koguna) da NEMA (hukumar agajin gaggawa) ne, su za ka saurara.

NiMet ta ce lokacin shuka bai yi ba, ga shi an yi ruwa mai ƙarfi. In shuka?

To, nan kam ba a yanke hukunci kai tsaye. Hasashen na yanki ne, ba na gonarka ba, kuma yakan saɓa da 'yan kwanaki. Ruwan farko kuwa mayaudari ne: a sheƙa shi yau, ya ɗauke mako biyu, tsiro ya ƙone. Ka tona ƙasa ka ga inda danshi ya kai. In gero ne a jigawa, kuma kana da ragowar iri, za ka iya gwadawa, tun da ko binne, wato shuka kafin ruwa ya sauka, ana yi masa. In masara ce da ka ciwo bashin irinta da takinta, ni dai da na jira ruwa na biyu. Wasu sukan raba gonar biyu, kuma ban ga laifinsu ba. Ka ji ta bakin malamin gona, amma kada ka raina dattawan ƙauyenku.

Katangar bishiyoyin nan ta hana kwararowar hamada (Great Green Wall) da gaske ce?

Da gaske ce mana. Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2007, Najeriya ta kafa mata hukuma a 2015, tana aiki a jihohi 11 daga Kebbi zuwa Borno.

To, miliyoyin da ake cewa an dasa fa?

Haba malam, dashe a Agusta ai kowa ma gwani ne. Ka koma wurin a Afrilu, bayan awaki da rana sun gama nasu, ka ƙirga. Manoman Maraɗi da Damagaram ba dashe ne ya dawo musu da gawo ba. Tohon da ke fitowa a gona suka daina sarewa, suna yi masa aski har ya girma.